Zuwa Legas Saboda Tsakar Gidan Inna

Litinin: Bauchi zuwa Lakwaja

Ƙarfe biyar da minti arba'in, ana fitowa daga sallar asuba, na rataya jakata na bar gidanmu na Ƙofar Ran. Inna ta rako ni har bakin zaure, abin da ba ta saba ba. Ta miƙo mini ƙunshin masa mai zafi, sannan ta yi nuni da haɓa zuwa ƙofar ɗakinta, inda kayanta suke jibge a ɗaure: kwalla uku, akwatin ƙarfe, katifa a naɗe, har da turmi.

"Auta, ranar Asabar da hantsi a-kori-kura za ta zo," in ji ta. "In ka dawo kafin nan, in ji abin da idonka ya gano. In ba ka dawo ba, sai ka same ni a Miri."

Bari in warware muku zancen tun daga tushe. Sunana Audu, kafinta ne ni, mai rufin kwano, shagona yana Wunti. Tun da aka kafa gadar sama a unguwar, mutanen garinmu suka ɗanɗana hawa, kowace jita-jita ta taso sai ka ji ta da ginshiƙai. Wata rana wasu masu hular kwano suka zo bakin layinmu da na'urar awo mai ƙafa uku, suka leƙa, suka yi rubuce-rubuce, suka tafi ba su ce wa kowa uffan ba. Kafin la'asar majalisar mai shayi ta gama yanke hukunci: jirgin ƙasa za a kawo irin na Legas, mai bin saman gada, ya riƙa kwaso ma'aikata daga Miri ya ratsa ta kan gidajenmu ya sauke su cikin gari. Babu wanda ya ji daga bakin hukuma, amma kowa ya rantse ya ji daga bakin wanda ya ji.

To mu masu hawa rufi a cikin ganuwa muna da ƙa'ida. Ba ka jingina tsani sai ka tsaya ka ɗaga murya sau uku: "Salamu alaikum, za a hau sama, a kimtsa." Ka jira matan maƙwabta su yafa mayafi, wanda ke banɗaki ya fito, sannan ka taka. Haka ubangidana ya koya mini, haka nake yi shekara ashirin da biyu. Da zancen jirgi ya kai kunnen Inna, tambaya ɗaya ta yi: "Shi jirgin, zai tsaya ya yi sallama?" Na ce a'a. Ta ce to ita ba za ta zauna gidan da za a riƙa leƙo shi daga sama ba, za ta koma Miri wurin ƙanwarta. Na nuna mata hoton jirgin a waya, ta ture, ta ce waya abin da ta ga dama take nunawa. "Kai ne ka san sama. Je ka hau, ka dawo ka gaya mini abin da ake gani."

Matar da ta shekara hamsin da wani abu a gidan nan ce take ɗaure kaya. Ni kuwa gidan in babu Inna kango ne, kuma na tsorata ƙwarai. Sai dai ba zan ɓoye muku ba, a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗoki da ya hana ni zama wuri ɗaya. Jirgi a sama, ni kuma a cikinsa.

Abokin tafiyata Bulus ne, mai walda, mutumin Bogoro, shagonsa na jikin nawa. Wansa Yohanna yana ɗaurin rodi a aikin layin jirgin can Legas, shi ya kira shi ya zo ya gwada sa'a. Na tarar da shi a tasha ya riga ya kama mana kujerun bayan direba. Ƙarfe shida da minti ashirin da biyar bas ɗin ta cika muka ɗaga.

Daga Bauchi zuwa Jos kilomita ɗari da talatin ne ko kusa da haka. Kafin Nabordo masar Inna ta ƙare, don Bulus ba ya wasa da masa, ya kuma miƙa wa direba biyu don a zama abokai. A wani shingen bincike kusa da Tilden Fulani, jami'i ya leƙo ya ce in buɗe jaka. Ya ciro tef ɗin awo ya juya shi.

"Malam, aiki za ka?"

"Duba jirgi zan je Legas, ranka ya daɗe."

"Saya za ka yi?"

"A'a, tsohuwata ce ta aike ni."

Ya yi dariya har da dukan jikin motar, ya ce Allah ya kiyaye hanya, in gaishe da tsohuwa.

Ƙarfe tara saura muka canza mota a Jos. Sanyin garin ya sa muka sha shayi a tsaye. A gangaren Hawan Kibo wata fasinja ta rufe ido tana ta salati, ni kuwa na leƙa kwazazzabon ina murmushi, na ce wa Bulus ni da tsayi mun saba, ko gezau. Ya ce, "Za mu gani ranar Laraba." A Akwanga muka ci gasasshiyar doya da manja, muka sayi lemo na ɗari biyar. Cunkoson Mararaba ya cinye mana sa'a guda cif. Muka yi azahar a Gwagwalada, muka kama motar Lakwaja, muka ƙetare gadar Kwara rana na shirin faɗuwa. Masaukin da direba ya nuna mana ɗaki ne mai gado ɗaya da fankar da ke kuka kamar akuya. Muka ci soyayyen kifi da ayaba muka kwanta da wuri.

Talata: Lakwaja zuwa Legas

Ƙarfe shida daidai muka tashi. Daga Okene ƙasa ta fara sauya kama, itatuwa suka yi duhu, iska ta yi nauyi kamar numfashin tukunya. Direban Bayerabe ne da ya taɓa zama a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi, yana jin Hausa rau. Da ya ji abin da zai kai ni, sai ya ce, "Aboki, mamanka na da gaskiya. Ni ma in na bi gadar sama ina ganin miyar mutane." Na ce ya yi shiru ya kama tuƙinsa, kada ya lalata mini tafiya tun ban isa ba.

Mun wuce Owo da Akure, muka tsaya a Badun ƙarfe biyu da rabi. Nan na fara cin amala da miyar ganye mai yauƙi. Barkono ya tsage mini harshe, hawaye na zuba, mai abincin tana ta ƙara mini ruwa tana cewa wani abu da Yarbanci, Bulus kuwa ya kifa kai a tebur saboda dariya. Na kira Inna in gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi hanya, sannan ta ce ta ɗaure tabarmi ma yau. Na kashe wayar jikina a sanyaye.

Biyar da kwata muka shiga Legas. Yohanna ya tarye mu a tasha, dogon mutum mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan kaskon suya. Ya rungume ƙanensa, ya kama hannuna ya ce, "Audu, kai ne wakilin Inna? Zo ka ga abin da ka zo gani tun rana ba ta faɗi ba."

Muna karya wata kwana a Iganmu na gan shi. Ginshiƙai ne na kankare a jere, kowanne ya fi mutum uku riƙewa, ya miƙe sama sannan ya buɗe kai kamar gwafar rumfa. A kansu an shimfiɗa wata doguwar gada siririya da ta yanke sararin sama gida biyu, ta lanƙwasa a hankali ta ɓace bayan benaye. Babu mota a kanta, babu mutum. Na tsaya baki buɗe, masu wucewa suna bangaje ni. Can sai na ji wani sauti kamar ana jan babban aljihun tebur, jirgin ya ɓullo, shuɗi, fitilu a kunne, ya zarce ta saman kawunanmu babu hayaƙi babu ƙugi. Hulata ta faɗi don tsabar ɗaga kai. Dariya ta kama ni haka kawai, na kasa tsayar da ita.

Yohanna ya mari ginshiƙin da ke kusa da mu. "Rodin cikin wannan da hannuna aka ɗaure shi. Kafin ka ga abin da ke sama, wanda ke cikin ƙasa ya kusa kai shi tsawo." Na zaro tef zan auna, ya ce in mayar, kada a ɗauke ni wani abu daban.

Gidan hayarsa gida biyar ne tsakaninsa da layin. Ɗakuna ne a zagaye da ɗan fili a tsakiya, kusan fasalin namu. Matarsa, Maman Rifkatu, ta yi mana tuwon masara da miyar kuka, ta ce ta san cikin mutanen Bauchi ya gaji da baƙunta. Da na ba ta labarin Inna, ta ce, "Ai sai a gwada. Gobe zan tsaya a filin nan da zane rawaya, in riƙe wani abu a hannu. In ka wuce ta sama ka faɗi ko mene ne, to Mama ta yi gaskiya."

Laraba: Ranar hawa

Ƙarfe bakwai da rabi muka isa tashar Marina, inda layin ya fara. Tashar kanta a sama take. Aka sayar mana da kati, ka ɗora shi kan wata na'ura ƙofa ta buɗe. Daga nan sai matakala mai tafiya da kanta. Ni da na hau tsanin da aka haɗa da igiya, ni da na yi rufin bene mai hawa uku ana iska, sai ga ni na tsaya a gindin matakala ina lissafin ƙafar da zan fara sawa. Bulus ya turo ni daga baya. Na isa sama a rungume da hannun Yohanna kamar amarya.

Cikin jirgin sanyi, ƙal-ƙal, ma'aikata da jakunkunansu kowa ya duƙufa kan waya. Na kama kujerar jikin taga na manna goshi da gilashi. Ƙofofi suka rufe da kansu. Muka motsa a hankali, benaye suna ja da baya, motoci a ƙasa sun cushe ba sa ko motsi, mu kuwa muna wuce su kamar ba mu san su ba. Na ce wa Bulus, "Dube su, bayin Allah." Ya ce, "Jiya kai ma kana cikinsu."

Sai ƙasa ta ƙare. Gadar ta miƙe a kan ruwa, ruwa ta dama, ruwa ta hagu, can nesa jiragen ruwa masu girman unguwa. Na leƙa ƙasa ban ga gadar da muke kai ba, sai ruwa tsirara. Kaina ya juya. Na damƙe cinyar Bulus. Ya ce, "Mutumin da ko gezau." Na ce ya bari, wannan ba tsayi ba ne, rashin ƙasa ne. Ina salati ina dariya lokaci guda, ban san wanne ya fi yawa ba.

Muka wuce wani ƙaton gini zagayayye mai kama da hular soja. Bayansa kaɗan gidajen mutane suka fara, rufi na bin rufi, filayen tsakar gida a buɗe, ga igiyoyin shanya. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Shekara ashirin da biyu ce ta yi magana da bakina. Na ɗaga murya iya ƙarfina:

"Salamu alaikum, za a hau sama, a kimtsa!"

Kawuna suka ɗago daga wayoyi. Wani mai kwat ya janye jakarsa daga kusa da ni. Yohanna ya rufe fuska da hularsa. Can daga ƙarshen tarago wata dattijuwa mai lulluɓi, daga baya na ji 'yar Azare ce mai sayar da goro, ta amsa a natse: "An kimtsa, Malam. Hau abinka." Ta juya ta yi wa na kusa da ita bayani da Turancin kasuwa, bayani ya bi kujeru, dariya ta bi bayansa har ta zo inda nake. Mai kwat ɗin ya miƙo mini hannu. Ita kuwa dattijuwar ta ce rabonta da jin wannan kira tun tana gidan ubanta, Allah ya yi wa wanda ya koya mini albarka.

Daga Iganmu layin ya gangaro ƙasa ya bi tsakiyar babban titi, an katange shi ta kowane gefe. Cikin abin da bai kai rabin sa'a ba muka isa tashar Mayil Tu. Yohanna ya ce a mota da safe sai ka yi sa'a biyu ba ka zo nan ba. Ya ja mu gaba zuwa inda ake ci gaba da aikin. Nan na ga yadda ake haihuwar ginshiƙi. Ana ɗaure rodi ya zama keji dogo, a rufe shi da ƙwaryar ƙarfe maimakon katakon da muka saba, a ɗura kankare ta bututu daga sama. Sandunan gadar kuma a ƙasa ake zuba su su bushe, sannan ƙugiyar babban inji ta ɗaga ta ɗora. Na ga mutum ɗaya da tuta yana juya ƙugiyar da alamar hannu, abu mai nauyin tirela ya sauka a mazauninsa ba tare da ya goce ko da faɗin yatsa ba. Na ji kishi, na kuma ji daɗi. Shugaban masu walda ya ba Bulus ƙarfe biyu ya haɗa, ya duba ɗinkin, ya ce ya zo gobe da takalmin aiki.

Na tambayi Yohanna ko ya ji za a yi irinsa a Bauchi. Ya ce, "Ban ji ba. In da za a yi, da mu masu rodi mun fara jin ƙamshinsa. Amma ni ba hukuma ba ne, kada ka je ka ce wa Inna na rantse."

Ƙarfe goma da minti goma muka kama na komawa, ni da Bulus, don gwaji. Na kira Maman Rifkatu na ce ta fito. Jirgi ya hau gada, na zuba ido, na ƙirga gida biyar daga layi. Kafin in ce ga shi, mun wuce. Ban ga rawaya ba, ban ga mace ba. Ta kira ta ce, "Na ɗaga hannu har ya gaji. Me na riƙe?" Na ce ta yi haƙuri ta koma, za mu sake zagayowa.

A zagaye na biyu na ga ɗigon rawaya, kamar ƙwayar masara a faranti. Na ce mata tsintsiya ce. Ta ce a'a. A na uku na rantse yaro ta ɗauka. Ta ce kaza ce, kuma kazar ta gaji ta tsere, gwaji ya ƙare. Murna ta cika ni har na sumbaci katin jirgin. Mutum ba a gane shi. Ko matarka ce ba za ka shaida ta ba. Fasinjojin ma, na duba su da kyau, babu mai kallon taga sai ni.

Da hankalina ya kwanta sai idon sana'a ya buɗe. Abin da ake gani daga can, tar kamar a tafin hannu, rufi ne. Daga titi kowane gida ya sha fenti, ƙofa mai kyau, wani har da fure. Daga sama kuwa sai ka ga abin da aka ɓoye: kwano ya yi tsatsa ya koma ja, an toshe ɓula da leda, an danne da bulo. Na shiga yi wa Bulus sharhi gida-gida. Wannan kafintansu ya yi rowar ƙusa. Wancan bai ba ruwa gangara ba. Sai ga wani ɗaki da aka jera wa tayoyi huɗu da duwatsu don kada iska ta yaye shi. Na buga cinya na ce, "Bulus, dubi wannan. Su waɗannan ba su haifi ɗa namiji ba ne?" Bulus ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya mayar da ido kan taga.

Azahar a ƙarƙashin gadar na yi ta, tare da wasu 'yan Arewa masu dako da suka shimfiɗa kwali a inuwarta. Nan ma gari ne guda: mai gyaran babur, mai aski, mai sayar da dafaffiyar masara, kowa ya kama gindin ginshiƙi ya mai da shi shago. Limaminsu ya ce tun da ya zo Legas bai taɓa samun rumfar da ba ta yoyo ba sai wannan. Muna cikin tahiya jirgi ya wuce a kanmu, ƙasa ta ɗan yi rawa, babu wanda ya ɗaga kai.

Alhamis da Juma'a: Komawa

Bulus ya zauna, aiki ya samu. Ƙarfe biyar da rabi na asuba ya rako ni tasha da sabon takalminsa a hannu. Maman Rifkatu ta ba ni garin rogo da busasshen kifi in kai wa Inna. Da mota za ta tashi ya leƙo ta taga ya ce, "Ka gaishe da Inna. In za ka ba ta labari, ka bi a hankali da bakin nan naka." Na ce ya bar ni, albishir zan kai.

Hanyar da muka zo na bi. Taya ta fashe mana bayan Akure, muka yi asarar minti hamsin, na taya direba ɗaurewa don gabana na faɗuwa kada Asabar ta riske ni a hanya. Na kwana a Gwagwalada wurin wani ɗan unguwarmu mai sayar da katako. Juma'a na yi sallah a Jos, ƙarfe biyar da minti goma na yamma keke ya sauke ni a Ƙofar Ran.

Na tarar da Inna a tsakar gida kan buhu, don tabarmin ma suna cikin ɗauri, tana tsince wake. Ban ko ajiye jaka ba na fara zuba. Na ba ta labarin matakala, da ruwa, da kiran da na yi a cikin tarago. Ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. Ta bar ni na gama tsalle-tsallena sannan ta ce, "To, Auta, ana gani ko ba a gani?"

"Mutum ba a gane shi, Inna. Sau uku na wuce ta kan matar Yohanna, ta riƙe kaza na ce yaro ne. Ki kwance kayanki. Rufi kawai ake gani, shi kam babu abin da ke ɓuya. Wani ɗaki na gani an danne shi da tayoyi da duwatsu, na ce wa Bulus, su waɗannan ba su haifi ɗa namiji ba ne?"

Ta ci gaba da tsince wakenta. Sai da ta jefar da tsakuwa biyu sannan ta ce, "Ɗaga kanka."

Na ɗaga. Daga inda nake bakin kwanon ɗakinta kawai ake gani, amma ba na bukatar tsani. Na san abin da ke kai: duwatsu bakwai, tayar babur ɗaya, da ledar siminti a kan ɓula. Ni na jera su da hannuna damina uku da suka wuce, ranar da iska ta ɗaga kwanon, na ce mata na wucin gadi ne, kafin Juma'a zan sauya.

"Ni tsohuwa ce," in ji ta. "Wa zai ɓata idonsa ya kalle ni ina tankaɗe? Tun ranar da aka ce jirgi, abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Mutanen Bauchi su hau sama, wani ya nuna wa wani, ya ce wancan ɗakin uwar Audu kafinta ne. Wa zai sake ba ka rufi? In na tashi, sai ka ce ɗakin ajiya ne, babu mai kwana a ciki."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na durƙusa a gabanta. "Inna, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na faɗa sau biyu, kana cewa kafin Juma'a. Na uku roƙo ne, ni kuwa ba na roƙon ɗana."

Kafin a kira magariba na sauke duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya. Na aika wa mai a-kori-kura cewa ya dakata. Inna ta ce katifa kawai za ta kwance, sauran kayan su jira su gani. Asabar na yaye tsohon kwano, na tarar katakon ma gara ta gama da shi, sai da na sauya duka. Ranar Laraba da hantsi na buga ƙusa ta ƙarshe. Ta fito ta zagaya ɗakin, ta shiga ta ɗaga kai ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce in zo in kama mata turmi mu mayar da shi mazauninsa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Yohanna da Maman Rifkatu da suka sauke ni kamar ɗan'uwa, da Bulus da ya san komai ya bar ni in ji daga bakin da ya dace. Masu hular kwano ba su sake dawowa layinmu ba, jirgi kuma har yau ban san ko zai zo Bauchi ba. Inna dai tana ɗakinta.